Binciken share fage: yadda ake shiga fili da buɗaɗɗiyar tambaya a fito da sakamakon da za a amince da shi

A sassan kimiyyar zamantakewa na jami'o'inmu akwai zalunci iri biyu da ake yi wa binciken share fage. Na farko daga wasu masu duba kundi yake zuwa: da zarar ba su ga takardar tambayoyi ɗari huɗu da jadawalin manhajar lissafi ta SPSS ba, sai su ce wannan hira ce kawai, ba bincike ba. Na biyu daga ɗalibai ne da kansu. Mutum zai tattauna da abokansa shida a ɗakin kwana, ya rubuta abin da ya riga ya ƙudura a ransa, idan an tuhume shi ya ce ai share fage yake yi. Duka biyun sun ɗauka cewa binciken da ba shi da hasashen da za a gwada tun farko ba shi da ƙa'ida. Alhali shi ne ya fi buƙatar ƙa'ida, domin babu wani lissafi da zai kare mai shi daga son zuciyarsa. Abin da zai kare shi guda biyu ne: ya bar sawun da wani zai iya bi ya ga yadda ya isa ga kowace magana, kuma kada ya faɗi fiye da abin da hujjarsa ta ɗauka.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe. A ce kana so ka fahimci yadda adashin matan aure a cikin birnin Kano ya sauya tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mutane da yawa suka koma tura kuɗi ta waya da wurin masu POS. Misali ne kawai na koyarwa, amma matakan iri ɗaya ne ko a kan me kake aiki.

Mataki na farko: tabbatar da cewa share fage ake buƙata

Ana yin wannan bincike ne idan ba a san abin da ya kamata a auna ba tukuna. Idan an riga an san ginshiƙan al'amari, an yi rubuce-rubuce a kansa, akwai ma'aunin da aka gwada, to aikinka gwaji ne ko ƙididdiga, kada ka fake da share fage don gudun lissafi. Amma idan al'amarin sabo ne, ko tsoho ne da ba a taɓa kallonsa daga wurin masu yin sa ba, to takardar tambayoyi za ta dawo maka ne da jahilcinka a jere cikin jadawali.

Aikin Polly Hill, wata mai bincike 'yar Birtaniya, a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967 ya isa hujja. Wanda ya je ƙauyen Hausa a wancan zamani don auna ciniki, kasuwa zai nufa ya ƙirga rumfuna. Ita da ta zauna a garin sai ta gano cewa babban kaso na cinikin hatsi da dafaffen abinci a cikin gidaje ake yin sa, matan kulle ne ke riƙe da shi, yara kuma su ne 'yan aike. Ta wallafa wannan a 1969. Babu takardar tambayoyin da aka tsara a ofis da za ta kamo wannan ciniki, domin mai tsara ta bai san da shi ba balle ya tambaya.

Don haka karanta abin da aka rubuta a kan batunka da gaske, sannan ka rubuta sakin layi ɗaya da ke cewa: ga abin da aka sani, ga inda sanin ya tsaya, ga dalilin da ya sa ba za a iya tsara ma'auni yanzu ba. Wannan sakin layin shi ne lasisinka.

Mataki na biyu: rubuta abin da ke ranka kafin ka fita

Babu wanda ke shiga fili da farar zuciya. Kana da zato, ko ka faɗa ko ka ɓoye. Wataƙila kana ganin tura kuɗi ta waya ya rage rigimar adashi tunda akwai shaida, ko kana ganin ya lalata zumunci tunda ba a aiken yara gida-gida. Zauna ka rubuta waɗannan zatuttuka duka, ka sa kwanan wata, ka tura wa malamin da ke duba aikinka ta imel domin a sami shaidar lokaci. Ka haɗa da abin da ya shafe ka: mahaifiyarka uwar adashi ce? An taɓa cinye wa 'yar'uwarka zubi? Waɗannan ba abin kunya ba ne, amma za su iya karkatar da kunnenka.

Amfanin wannan takarda zai bayyana bayan wata uku. Idan sakamakonka ya zo daidai da zatonka kashi ɗari, to ka ji tsoro, ka koma ka duba ko ka saurari mutane ko kuwa kanka ka saurara. Idan ya saɓa, kana da hujjar nuna cewa filin ne ya koyar da kai.

Tambayar binciken kuma ta kasance irin ta “yaya” da “me ke faruwa”. Yaya mata ke tabbatar da amana a adashin da ba a haɗuwa ido da ido? Wannan tambayar share fage ce. Kashi nawa na matan Kano ke adashi ta waya? Wannan ba taka ba ce, kuma ba za ka iya amsa ta da hanyar da ka zaɓa ba.

Mataki na uku: zaɓen waɗanda za ka yi magana da su

A nan mafi yawan kundaye ke karyewa, don haka zan daɗe.

Ɗalibanmu sun saba da dabarar lissafin Taro Yamane ta 1967, wadda ke ba da kusan mutum 400 idan jama'a na da yawa, ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai ba da 384. Waɗannan an yi su ne don binciken da ke so ya ƙiyasta adadi a cikin jama'a, kuma sharaɗinsu shi ne a zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye. Ina jerin sunayen masu adashi a Kano? Babu. Wanda ya lissafa 400 sannan ya raba takardu ga duk wanda ya ci karo da shi a bakin Kantin Kwari, adadin ya samu, ingancin bai samu ba.

Kai abin da kake nema shi ne bambanci. Kana so ka ji dukan fuskokin al'amarin, saboda haka da gangan kake zaɓe. Fara da tambayar kanka: su wane ne wannan abu ya shafa ta hanyoyi mabambanta? A misalinmu akwai uwar adashi, akwai mai zubi hannu ɗaya da mai hannu uku, akwai wadda ke da asusu a wayarta da wadda ke amfani da asusun mijinta ko ɗanta, akwai mai POS na bakin layi wanda kuɗin ke bi ta hannunsa, akwai yarinyar da a da ita ke karɓo zubi, akwai wadda ta fita daga adashin da fushi, akwai mai unguwa ko jami'in Hisba da ake kai wa ƙara. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, suna amfani da wata hanya da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Thomas Bierschenk suka tsara: kafin kowa ya tafi aikinsa shi kaɗai, ayarin masu bincike na shiga gari tare na 'yan kwanaki, kowane rukuni ya bi wani ɓangare na masu ruwa da tsaki, da yamma a haɗu a gwama abin da aka ji, musamman inda aka sami saɓani. Ko kai kaɗai ne kana iya aron hikimar: nemo inda ake jayayya, domin a nan kowa ke bayyana matsayinsa.

Barney Glaser da Anselm Strauss, waɗanda suka yi nazarin yadda ake mu'amala da marasa lafiya masu jiran ajali a asibitocin Kalifoniya, sun shimfiɗa wata ƙa'ida a 1967 da har yau ita ce ƙashin bayan wannan aiki: abin da ka gano jiya shi ke nuna maka wanda za ka nema gobe. Idan mata huɗu a jere sun ce maka rigima ta ragu saboda kowa na tura hoton rasit a zauren WhatsApp, to mutum na biyar ya zama wadda ba ta da babbar waya. Ba ka tsara dukan jerin mutanenka daga ofis. Amma duk lokacin da ka sauya alƙibla, rubuta dalili da kwanan wata.

Sai kuma tarkunan da Robert Chambers ya lissafa a 1983 game da masu ziyarar karkara, waɗanda kamar da ƙasarmu yake magana. Mai bincike na tsayawa inda kwalta ta tsaya. Yana zuwa da rani lokacin da hanya ke da kyau kuma rumbu bai ƙare ba, ba ya ganin watannin damina da ake fama da yunwa da zazzaɓi. Yana magana da maza, da masu faɗa a ji, da waɗanda wani shiri ya amfana. Yana jin nauyin tambayar matalauci halin da yake ciki. A birni ma haka abin yake da wata kama. Idan mai unguwa ne ya haɗa ka da mata, zai kai ka gidajen da ba za su ba shi kunya ba. Idan uwar adashi ce ta haɗa ka da 'yan zubinta, ba za ta kira wadda suka yi faɗa ba. Maganin shi ne ka shiga ta ƙofa fiye da ɗaya: wasu ta hannun mai unguwa, wasu ta makarantar Islamiyya ta matan aure, wasu ta mai POS, wasu ta mai kitso. Ka rubuta ta wace ƙofa kowace ta shigo.

Mutum nawa suka isa? Ana tsayawa ne idan sababbin hirarraki sun daina kawo sabon abu. Greg Guest da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani nazari da suka wallafa a 2006, da hirarraki 60 da aka yi da mata a Najeriya da Ghana, suka ga kusan dukan jigogin sun bayyana a cikin hira 12 na farko. Ɗalibai sun riƙe wannan adadi kamar farilla, sun manta cewa masu nazarin da kansu sun ce matan nan yanayinsu kusan ɗaya ne kuma tambayoyin a tsare suke. Idan kana da rukunoni shida mabambanta, sha biyu ba za su ishe ka ba. Hanyar nuna ƙoshi, wato cewa hirarraki sun daina kawo sabon abu, ita ce jadawali mai sauƙi: bayan kowace hira uku, rubuta sababbin jigogi nawa suka fito. Idan ka yi zagaye biyu ko uku babu sabo, kuma ka riga ka nemi mutanen da ke iya saɓawa, to ka tsaya, ka sa jadawalin a rataye.

Ƙarancin adadi shi kaɗai ba aibi ba ne. Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar mace ɗaya tak, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, kuma har yau masu nazarin aure da ƙawance da bauta a ƙasar Hausa na komawa gare shi. Abin da ya ba shi nauyi shi ne an san wace ce ke magana, an san yadda aka ɗauko maganar, kuma akwai binciken mijin Mary, M. G. Smith, a yanki ɗaya da ake gwama bayanan da shi.

Mataki na huɗu: izini da amana

Nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarka kafin ka fara. Ka bayyana wa kowa da Hausa bayyananniya ko kai wane ne, me za ka yi da maganarsa, da cewa yana da ikon ƙi ko tsayawa a tsakiya. Wadda ba ta karatun boko, a karanta mata, a ɗauki amincewarta da murya a gaban shaida.

Wannan ya wuce cika sharaɗi. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya a kan batun izinin iyaye, kuma labarin na cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Baƙo mai takarda da biro yana shigowa ne da tarihin waɗanda suka riga shi. Wanda ke zargin ka zai ba ka amsar da za ta sallame ka, wanda kuma ya zaci tallafi ka kawo zai ƙara wa talaucinsa gishiri. Don haka faɗi ƙarara cewa babu kuɗi ko tallafi a bayan wannan aiki. Gaskiyar bayananka ta rataya a kan wannan jimla.

Mataki na biyar: hira da lura

Tafi da jerin batutuwa shida ko bakwai a takarda ɗaya, ba tambayoyi arba'in ba. Ka nemi labarin abin da ya faru, kada ka nemi ra'ayi. Idan ka ce, “Hajiya, tura kuɗi ta waya yana da amfani?” za ta ce yana da shi, hira ta mutu. Idan ka ce, “Hajiya, ba ni labarin zubin makon jiya, wa ya fara turowa, wa ya makara, me kika yi?” sai ka ji yadda abin ke tafiya a zahiri. Mutane na faɗin yadda ya kamata a yi idan an tambaye su a dunƙule, suna faɗin yadda aka yi idan an tambaye su a kan rana takamaimai. Tazarar da ke tsakanin biyun sau da yawa ita ce sakamakon bincikenka.

Ka san al'adar da kake aiki a cikinta, ko da taka ce, domin ɗan gida ma yana makancewa da sabo. Kunya na hana uwa ambaton ɗan fari, har wata ta tsallake shi idan ana lissafin 'ya'ya. Mace ba za ta faɗi jarinta a gaban kishiya ko uwar miji ba. Manomi ba ya son ƙirga dabbobinsa ko damman hatsinsa ga baƙo. Kuma ka tantance ma'auninka tun wuri. Idan ka ce “mutum nawa ne a gidan nan”, wani zai lissafa duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, wani zai lissafa masu ci daga tukunya ɗaya, wani kuma masu noma gandu ɗaya. Idan ba ka tsayar da wanda kake nufi ba, amsoshi ashirin ɗinka abubuwa uku daban suke aunawa. Haka tiya da mudu da buhu, girmansu na bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Idan kai namiji ne, ba za ka shiga cikin gida ba, kuma hirar zaure da maigida a tsaye ba hira ba ce. Nemi abokiyar aiki mace, ka horar da ita sosai, ku zauna bayan kowace hira ta ba ka abin da rikoda ba ta ɗauka ba: wa ke ɗakin, wa ya shigo aka yi shiru, a ina murya ta sauya. A rubuta sunanta a godiya, a kuma bayyana a babin hanyoyin bincike cewa ita ta yi hirarrakin.

Kada ka dogara da baki kaɗai. Nemi izini ka ga littafin uwar adashi. Zauna a rumfar mai POS ranar zubi ka lura. Idan 'yan zauren WhatsApp sun yarda, duba yadda ake sanar da zubi da kwasa. Abner Cohen, da ya zauna a Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya fahimci yadda ake sayar da shanu bashi ba tare da takarda ba ne domin ya haɗa abin da masu gidan da ke saukar da fataken shanu da dillalai suka faɗa masa da abin da ya gani a kara da kuma rikice-rikicen da aka sasanta. Idan majiyoyi uku masu zaman kansu sun haɗu a kan abu, ya yi ƙarfi. Idan sun saɓa, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi, bi saɓanin har ka gane dalilinsa.

Mataki na shida: ajiye sawu

Malaman hadisi ba su karɓar magana sai an faɗi wanda ya ji daga wa, kuma sai sun binciki kowane mai ruwaya. Wannan ita ce ɗabi'ar da kake buƙata. Kowace magana a kundinka ta kasance ana iya bin ta baya zuwa lambar hira, rana, wuri, da layin da take.

A aikace, ka riƙe abubuwa huɗu. Muryoyin da ka ɗauka, da lamba a madadin suna. Rubutacciyar hira kalma da kalma, a harshen da aka yi ta. Awa ɗaya ta murya na cin awa huɗu zuwa shida wajen kwafewa, don haka sa wannan a jadawalin lokacinka. Littafin fili, wanda kake cikawa a daren ranar, ka raba shafi biyu, abin da ka gani a gefe ɗaya, fassararka a ɗaya gefen. Sai littafin shawarwari, inda kake rubuta duk sauyin da ka yi da dalilinsa. Yi nazari a kan Hausar, ka fassara guntayen da za ka kawo a kundi kawai, kuma ka ajiye asalin kusa da fassarar. Jerin da ke haɗa lambobi da sunaye na gaskiya a ɓoye shi daban da kalmar sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka, kuma ko babu doka, sirrin kuɗin matar aure na iya kashe aure.

Mataki na bakwai: nazari, da farautar abin da zai rushe ka

Kada ka jira sai ka gama tattarawa. Bayan hira uku na farko fara karantawa layi-layi kana sa wa kowane guntu alama: “makara”, “shaida”, “asusun miji”, “kuɗin caji”. Yi amfani da kalmomin mutanen da kansu gwargwadon iko. Manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti na taimakawa, akwai na kyauta kamar Taguette, amma Excel ko alƙaluma masu launi sun isa ga hira talatin. Manhaja tana adanawa ne, tunanin naka ne. Rubuta ma'anar kowace alama da misali, sannan ka ba wani abokin karatu hira uku ya sa musu alama shi kaɗai. Inda kuka saɓa, ko ma'anar ce ba ta fito ba, ko kai ne ke ganin abin da babu.

Daga nan bayani zai fara tsirowa. A ce ka fara ganin cewa waya ta ƙara wa mata 'yancin riƙe kuɗinsu. Wannan lokacin shi ne mafi hatsari a aikin gaba ɗaya, domin daga yanzu idonka zai riƙa ganin abin da ya goyi bayanka ne kawai. Tsaya ka tambayi kanka: idan wannan bayani kuskure ne, a wurin wa zan ga alamar hakan? Amsar ita ce matan da alat ɗinsu ke shiga wayar miji. Je ka neme su da gangan. Idan ka tarar cewa su asirinsu ne ya tonu, kuɗin da a da ke ɓoye a ƙasan kwalla yanzu maigida na ganin shigarsa, to bayaninka bai mutu ba, ya sami sharaɗi: waya na ƙara 'yanci ga mai asusun kanta, tana rage shi ga wadda ba ta da shi. Bayani mai sharaɗi ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba za ka same shi ba da ba ka je neman abin da zai ƙaryata ka ba. Ni a wurina wannan shi ne babban abin da ke raba bincike da ra'ayi, kuma shi nake fara nema a kowane kundi.

Sannan koma wa wasu daga cikin mutanen da taƙaitaccen abin da ka fahimta. Ba lallai su yarda ba, kuma ƙin yardarsu ba ya nufin ka yi kuskure. Uwar adashi na iya musanta abin da ya taɓa mutuncinta. Amma martaninsu sabon bayani ne, a rubuta shi. Yvonna Lincoln da Egon Guba sun tattara irin waɗannan matakai a 1985 ƙarƙashin ma'aunai huɗu: ko sakamakon abin gaskatawa ne, ko an ba da cikakken bayanin wurin har mai karatu ya iya hukunta ko zai dace da wani wuri, ko hanyar a bayyane take ana iya bin ta, da ko sakamakon daga bayanai ya fito ba daga son ran mai bincike ba. Kada ka jera su a babi na uku kamar haddar ɗalibi. Ƙarƙashin kowanne faɗi abin da ka yi, da lambar ratayen da ke nuna shi.

Mataki na takwas: idan akwai alƙaluma a ciki

Ana share fage da alƙaluma ma, kuma halal ne ka juya bayanai ta kowace fuska kana neman alaƙa. Haramcin na zuwa ne idan ka gwada alaƙa ashirin, ɗaya ta fito, sai ka koma babi na ɗaya ka rubuta ta a matsayin hasashen da ka fara da shi. Norbert Kerr ya yi gargaɗi a kan wannan ɗabi'a a 1998. A ma'aunin kashi 5 cikin ɗari da aka saba amfani da shi wajen yanke hukuncin cewa alaƙa ba dace ba ce, cikin gwaji ashirin ana sa ran ɗaya ya fito da dace kawai ko da babu wata alaƙa. A 2015 wani babban ayarin masana ya maimaita nazarce-nazarce 100 na ilimin halayyar ɗan Adam. 97 daga cikin na asali sun ba da sakamako mai ƙarfi a lissafi, amma kimanin kashi 36 cikin ɗari ne kawai na maimaicin suka ba da hakan. Faɗi gwaji nawa ka yi, ka kira abin da ka samu zato, ka bar tabbatarwa ga sababbin bayanai.

Mataki na tara: rubutawa da karewa

Auna kowace jimla da hujjarta. Kada ka rubuta “matan Kano sun fi son” alhali da mata 28 ka yi magana a unguwanni uku. Kada ka mayar da su kaso cikin ɗari, domin “kashi 64” na sa mai karatu ya zaci ƙididdiga ce. Rubuta “18 daga cikin 28 ɗin da aka tattauna da su”, ka faɗi su wane ne sauran goman da abin da suka ce. Kawo maganganun mutane da lambobinsu, kuma kada duk su fito daga bakin mace biyu masu iya zance. Bayyana unguwannin, lokacin shekara, da waɗanda ba ka samu ba: waɗanda mazajensu suka hana, waɗanda suka ƙi. Abin da kake iya yaɗawa zuwa wasu wurare shi ne yadda abin ke aiki da sharuɗɗansa, ba yawansa ba.

Ranar kare kundi za a tambaye ka abu uku kusan tabbas. Me ya sa mutanenka ba su da yawa? Nuna jadawalin ƙoshi da ƙofofin da ka shiga ta cikinsu. Ta yaya muka san ba ra'ayinka ba ne? Nuna takardar zatuttukanka mai kwanan wata, da wurin da fili ya sauya maka tunani, da misalan da suka saɓa. Ina amfanin aikin tunda ba ya wakiltar kowa? A nan sai ka buɗe babin ƙarshe, wanda ya kamata ya ƙunshi hasashe uku ko huɗu da aka tsara yadda za a iya gwada su, kowanne da abin da za a auna da kalmomin da mutanen ke amfani da su. A misalinmu ɗaya zai kasance: matan da ke da asusu da sunansu sun fi ci gaba da zama a adashin waya bayan zagaye na farko fiye da masu amfani da asusun wani. Ka haɗa da shawarar tambayoyin da za a sa a takarda, rukunonin da dole a raba wajen zaɓe, da watannin da ya dace a fita, ta yadda ɗalibin da zai zo da takardunsa ɗari huɗu zai san abin da zai tambaya da wanda zai tambaya.